Baba Bai San Sa'a Ba

"Sa'a, na gaji wallahi! Kullum na je garinku Gouna sai Babanki ya tambaye ni ɗan gidan wa ne ni!"

Inusa ya jingina da babur ɗinsa a ƙofar jami'a, idanunsa sun yi ja.

"Kawunki Alkasum ya ce zai ɗaura mana aure. Hajiyata kuma ta rantse, in kaka ta wuce in nemi wata."

"Masoyina, ka ƙara mini haƙuri... Ba na shiga ɗakinka sai Baba ya sa mana albarka da bakinsa."

"Baban da ke kanki bai gane ki ba?"

Maganar ta soke ta. Saboda mantuwar Baba ta zaɓi yin masta, digiri na biyu, a ilimin tunani da ƙwaƙwalwa, amma ina! Duk zuwan da za ta yi, sai ta riƙe hannunsa tana kuka, "Ni ce Sa'arka!" Shi kuwa ya fizge, ya ce a fitar masa da baƙuwa.

Ran Litinin malamarsu ta ce a aji, "Mai mantuwa ba a yi masa gardama. Inda hankalinsa yake, can ake zuwa a same shi."

Sai a nan Sa'a ta gane kuskurenta. Ashe ita ce take korar kanta!

Ran Juma'a ta roƙi Inusa, har da hawaye, ya kai ta Gouna. Suka tarar da Baba a tabarma yana ɓarar gyaɗa. Ta durƙusa can gefe kamar baƙuwa, ta ɗebi gyaɗar tana taya shi.

"Baba, an ce kana da ɗiya?"

Fuskarsa ta washe. "Sa'a! Tana lakwal a Damagaram. Ƙwaƙwalwa take karanta, wai za ta gyara tawa. Ja'ira!"

Ta haɗiye kuka da ƙyar. "Ga wani yana son ta, Baba..."

Ya daɗe yana duban Inusa.

"Yaro, kana da haƙuri?"

"Ina koyo, Baba."

"To na ba ka. Allah ya yi muku albarka."

Kukan ya ƙwace mata. Baba ya juyo, ya dafa kanta da tausayi.

"Baiwar Allah, bar kuka. In kin koma birni kin ga Sa'a, ki ce ta zo gida... Ta daɗe ba ta zo ta gan ni ba."