Agogunan Mukran

Magariba ta kawo jiki, Wardiya tana turara kuskus a kicin, sai agogunan mijinta suka ɗauki ƙara gaba ɗaya. Babu wanda ya wana su.

Mijin nata, Mukran, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masana'antar agogon tashi daga barci ta garinsu a Normandi, can ƙasar Turawa. Da aka rufe ta, sai ya shiga bin kasuwannin gwanjo yana tsinto agogunan da suka ƙera, masu ƙararrawa biyu a ka, masu hannu mai haske cikin duhu, har suka cika falo.

Da ƙarar ta ɗauke, tsakuwa ta fara sauka a kan rufi, ɗaya bayan ɗaya. Washegari ma haka. Sannan 'yarsu Nuwara, mai aikin jinya, ta daina cin abinci. Takan zauna gaban agogunan tana lasar leɓe, idanunta a kafe.

"Kai da tarkacenka," in ji Wardiya cikin kuka. "Ga abin da ka kwaso mana."

Aka ɗauko Si Lahdar, tsohon malami daga birni. Ya zauna ya daɗe yana karatu. Can Nuwara ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"A ɗakin fenti na masana'antar nake zaune tun kafin a haifi wannan yarinyar. Ina kallon mata ma'aikata suna lasar buroshi, suna shafa wa agogo fenti mai haske, har ciwo ya cinye su. An rushe ɗakin. Ina zan je? Na bi warin fentin."

"Yarinyar ba gidanki ba ce."

"To a ba ni agogunan. Duka."

Si Lahdar ya dubi Mukran. "Ko ɗaya kada ka rage."

Mukran ya kalli agogunan. "Rayuwata ce, malam."

Malamin ya nuna Nuwara. "Rayuwarka ga ta nan a ƙasa."

Da safe ya loda su a mota, ya kai su kangon masana'antar, ya jera su cikin ciyawa. Hannunsa ya tsaya a kan na farko da ya taɓa haɗawa. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya ajiye shi.

Da ya dawo gida, ya tarar da Nuwara a kicin da burodi a hannu. Ta dube shi da idanunta na gaskiya.

"Baba, me ya sa kake kuka?"