Buhun Gawayi a Ƙofar Gida

Ranar da Rahinatu ta fara ganin Karimu, da faɗa ta tarbe shi. A shekarar saba'in da bakwai ne, damina ta yi gardama a arewacin Togo, gero ya bushe a tsaye daga Nano har Tandjouaré. Tana cikin rumbun jama'a na zongon Dapaong, wani tsohon shagon gyaɗa da aka mayar ma'ajiyar hatsin taimako, sai ga wani dogon saurayi ya shigo da buhun masara a kafaɗa, ya dire shi da ƙarfi. Buhun ya yage, masara ta watse.

"Bawan Allah, a garinku haka ake yi wa abinci?"

Ya share gumi yana kallonta. "A Sokodé dai sai an yi wa baƙo sannu da zuwa kafin a yanke masa hukunci."

"Sannu da zuwa. To, durƙusa ka tsince."

Ya kuwa durƙusa. Tare suka tsince ta ƙwaya-ƙwaya, kuma duk wanda ya ga yadda tsintar nan ta ƙi ƙarewa ya san ba masara kaɗai ake nema ba.

Karimu direban babbar mota ne, yana kai goro da gishiri arewa duk bayan mako biyu. A bayan motar yake ɗoro abin da zongon Sokodé ya tara, ba ya karɓar ko sisi. Can kowace mace in za ta ɗora tukunya takan ware tafi guda ta zuba a tulu, mahauta da 'yan kasuwa su cika da buhuna. Sojoji su tare shi a shinge su caccaka kayan da ƙarfe, ya yi musu dariya ya wuce.

Ita kuwa Rahinatu ita ce mai awon rumbun, kuma akwai abin da ke cin ta. Da farko layi kawai ake yi a ƙofa. Kwana uku a jere wata tsohuwar Bafulatana, Daada Kulu, wadda shanun gidansu suka ƙare, takan zo ta tsaya a gindin dalbejiyar da ke tsallaken hanya da ƙwarya a hammata, ta kalli layin, ta juya. Rahinatu ta gan ta duk ukun. Kullum takan ce a ranta, bari in sallami waɗannan in je mata. A rana ta huɗu aka tarar da gawar tsohuwar a bukkarta, ƙwaryar na gefenta a kife. Tun daga nan Rahinatu ba ta ɗaga mudu ba tare da ta ji kamar ana kallonta daga gindin bishiyar nan ba.

Malam Fuseini tela, shugaban rumbun, ya tara masu aiki bayan jana'iza ya ce, "Kunya ce ta kashe matar nan, yunwa ta taya ta ne kawai." Sai aka sake tsari. Mai iya layi ya yi layi. Wanda ba zai iya ba, a zuba masa hatsi a buhun gawayi, a rufe bakin da gawayi, a dire masa a ƙofar gida da tsakar rana kamar saye ya yi. Ba a rubuta sunan kowa. Su bakwai masu aikin sa kai, har da mahauta biyu da wata mata 'yar ƙabilar Moba mai sayar da itace, suka yi rantsuwa cewa ba mai faɗin gidan da buhu ya shiga. Karimu ya roƙa aka rantsar da shi, don baƙo ne, ba wanda zai ɗaga kai in ya gan shi da gawayi.

Haka soyayyarsu ta girma, a tsakanin buhuna. Shi yana ce mata Mai Mudu, ita tana ce masa Mai Fasa Buhu.

"Mai Mudu, kowa kin auna masa, ni ne kawai nake fita hannu wofi."

"Kai ba ka cikin mabuƙata."

"Wallahi ina ciki. Tun daga Mango nake jin yunwar muryarki."

Ta rufe fuska da gyale tana dariya. Matar nan 'yar Moba ta girgiza kai ta ce da Hausarta ta koyo, "Yarinyan nan ya kamu, ba magani."

Rana ɗaya ta ba shi labarin Daada Kulu, abin da ba ta taɓa buɗe wa kowa ba. Bai ce mata ba laifinta ba ne. Ya fita ya tsaya a gindin dalbejiyar, ya ɗaga hannu ya yi wa tsohuwar addu'a mai tsawo, ya dawo ya ce, "Daga yau mu biyu muka gan ta." A ranar ta san shi za ta aura.

Amma akwai buhun da ya fi kowane nauyi a hannunta. Mahaifinta, Alhaji Wahabu, dillalin shanu ne da a da ake ciyar da baƙi goma a zaurensa. Fari ya share kasuwar shanu, ya share nasa garken. Kullum sai ya sa babbar riga ya tafi kara, wajen cinikin shanu, ya zauna, ya dawo yana cewa kasuwa sai godiya. Inna Salamata, mahaifiyarta, ita ta je ta raɗa wa Malam Fuseini gaskiya. Daga nan gawayi ya soma zuwa gidansu. Rahinatu ke aunawa, Karimu ke kaiwa. Alhaji kuwa ya ɗauka sana'ar kokon matarsa ce ke riƙe da tukunya.

Da Karimu ya je gaisuwa, Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Direba, mijin hanya. To, mu gani." Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ransa ya fi kwanciya da Salifu, ɗan mai shagon atamfa, wanda ke zuwa zance da turare kamar an ɓarar da kwalba.

Ana haka kuskuren ya faru. Akwai wata Dija, matashiya, tana takabar mijinta. Doka ita ce a dire buhu a ƙofa a juya. Karimu ya dire, ya yi sallama, ya ga matar ta fito tana dafa bango, ta kama bakin buhun ta ja, ta zube ƙasa. Bai tsaya tunani ba. Ya ɗauki buhun ya shiga da shi har madafa, ya ɗebo ruwa ya ba ta, ya jira har ta iya zama. Da zai fito, Salifu na wucewa a kan kekensa.

Kafin la'asar zongo ya ɗauka: baƙon direba ya shiga gidan mai takaba, ya daɗe.

Alhaji Wahabu ya kira shi gaban mutane. "Me ka shiga yi?"

"Gawayi na kai, Baba."

"Kai mai sayar da gawayi ne?"

Karimu ya sunkuyar da kai. Kalma ɗaya za ta wanke shi, ta tona Dija, ta tona duk gidan da aka taɓa ganinsa da buhu. Ya yi shiru.

"Shirunka ya isa. Kada in ƙara ganin ƙafarka a ƙofata."

Rahinatu na bayan asabari tana ji, tana cizon gyalenta don kada kukanta ya fito. Bayan mako biyu motar ta zo da wani direba. Shi ya miƙa mata wasiƙa.

"Mai Mudu, bayan gaisuwa. Na san abin da kike tunani, kuma na roƙe ki da girman Allah kada ki yi. Kin san irin mutumin da Baba yake. In ya ji abin da yake ci, ba zai ƙara kai loma bakinsa ba. Ni saurayi ne, zargi ba zai kashe ni ba. Ina nan Sokodé ina bi gida-gida ina karɓar tulunan mata, kowace masara na taɓa sai in ce ƙila hannunki zai taɓa ta. In Allah ya rubuta ke tawa ce, ba shingen da zai hana. Naki har kullum, Mai Fasa Buhu."

Ta amsa masa da layi uku: "Ba zan faɗa ba. Amma ba zan auri kowa ba. Ka ci abinci, na san halinka."

Wata biyu ta yi tana ramewa. In ta tuna Karimu ta ji kamar ta ruga ta faɗa wa mahaifinta komai. In ta kalli tsohon yana cin tuwonsa hankali kwance, sai ta ga ƙwaryar nan a kife, ta fasa. Tana son mutum biyu, kuma ceton ɗaya halakar ɗayan ne.

Ranar da Dija ta fita takaba, ba ta je ko'ina ba sai gidan Alhaji. Ta durƙusa a tsakar gida ta ce, "Baba, ni ban yi rantsuwa ba, sirrina ne, ni ke da ikon tona shi. Dawa ce a buhun nan. Kwana biyu ban ci ba ranar. Ruwa ya ba ni, ko fuskata bai kalla ba."

Alhaji ya ɗaure fuska. "Dawa a buhun gawayi? Wannan tatsuniya ki kai wa yara."

Sai Inna Salamata ta tashi ta shiga madafa ta jawo buhu har gabansa. Ta kwashe gawayin sama, ta zura hannu ta ɗebo masara ta buɗe tafinta.

"Maigida, wata shida ke nan. 'Yarka ke aunawa. Yaron da ka kora shi ya riƙa ɗaukowa a kansa."

Alhaji ya daɗe yana kallon masarar. Ya miƙe ya shiga ɗakinsa ya ja ƙofa.

Abin da Rahinatu ke tsoro ya zo. Aka kai masa tuwo ya dawo yadda aka kai. Washegari haka. Ba ya fita sai salla, ba ya kallon idon kowa. A rana ta uku ta ɗauki koko da kanta ta durƙusa a bakin ƙofarsa.

"Baba, na taɓa ganin mace ta mutu ina kallo, don na bar ta da kunyarta. Na haƙura da Karimu in kana so. Amma ka sha, Baba. Ba zan iya ɗaukar biyu ba."

Ƙofar ba ta buɗe ba. Ta ajiye kwanon ta tafi rumbu.

Rana ta take tsaka, layi ya miƙe har bakin hanya, tana awo ba ta ma ganin fuskoki. Sai ta ji hayaniyar layin ta ɗauke. Ta ɗaga kai. A tsakanin gwauraye da tsofaffi, ga Alhaji Wahabu cikin babbar rigarsa ta Idi, da kwano a hannu. Mutane suka dare don ya wuce gaba, ya ƙi. Ya bi layi taki-taki har ya iso gabanta, ya miƙa kwanon.

"Auna mini, 'yata."

Hawaye suka hana ta ganin mudun. Ta auna ta zuba masa.

Ya juya ga jama'a ya ɗaga murya. "Ku shaida, wata shida ina cin abincin rumbun nan ina yi wa masu shi kallon raini. Sunan mai karɓa ake ɓoyewa, ba na mai bayarwa ba." Ya kira su ɗaya bayan ɗaya, Malam Fuseini, mahautan nan biyu, matar Moba mai itace, yana yi wa kowa godiya yana sa masa albarka. Da ya zo kan na ƙarshe sai ya dubi Malam Fuseini. "Fuseini, aika Sokodé. Ka ce wa Karimu na zalunce shi, ya yafe mini. Ya turo magabatansa."

Washegari gidaje huɗu da aka saba kai wa gawayi suka fito layi da kansu.

Bayan Sallar Layya aka ɗaura aure. Salifu ma ya zo, ya ba ango hannu yana kallon ƙasa. Aka kai amarya Sokodé a gaban motar angonta, kuma tun daga bakin zongo mata suka tare su da guɗa, matan da ta shafe shekara tana auna tafin hannunsu ba ta san fuskarsu ba. Ta sauka ta bi su ɗaya-ɗaya tana riƙe hannayensu. "Mun ci, Inna. Wallahi ya kai mana. Allah ya saka."

Da jama'a suka ragu, Karimu ya zauna kusa da ita ya ɗaga gyalenta a hankali.

"Kin rame, amaryata."

"Kai ma. Ba na ce ka ci abinci ba?"

"Ina jiran wadda za mu ci tare."

Daga waje suka jiyo muryar Alhaji Wahabu, wanda ya rantse sai ya rako 'yarsa da kansa, yana addu'a mutane na amsawa. "Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Allah ya rufa musu asiri kamar yadda suka rufa nawa."

Rahinatu ta jingina da kafaɗar mijinta ta ce amin.