Irin Gidan Ɗanliti

“Gwaggo, wai gidanmu ba a haihuwa...”

Da wannan Aina'u ta tare ni, ko sallama ba ta bari na ƙarasa ba. A durƙushe na same ta cikin garkar bayan ɗakin uwarta, ɗan lambun da take yi wa ban-ruwa da bokiti tun shigowar bazara. Ciyawa take cira a tsakanin alayyahu, amma rabin abin da ke hannunta alayyahun ne. Idanunta sun kumbura.

Ni tun a hanya na ji zancen, wajen masu niƙa. Wai Ya Falta, mahaifiyar Kallamu, saurayin da aka sa musu rana da Aina'u, ta ce irin gidan Ɗanliti sai ganye, ba ya 'ya'ya. Ɗanliti ƙanena ne, shi ne uban Aina'u. Maganar kuma ta sami wurin zama, domin Larai, yayar Aina'u, ta daɗe a ɗakin miji ko ɓari ba ta taɓa yi ba.

Ɗanliti ya rantse ranar kasuwar Bagwai zai ɗauko mota ya mayar musu da kayan sa-ranarsu, har da goro in ya rage. Ya kuma hana Kallamu taka zaurensa.

Na tambayi Aina'u ko akwai wanda ya ji maganar da kunnensa. Ta ce kowa ya ji. Na ce ban san wani mai suna Kowa a garin nan ba. Na koyar da yara shekaru, na ga yadda magana ke tashi daga bencin gaba a tsaye, ta isa na baya a kife.

Da la'asar Kallamu ya zo. Tunda an hana shi zaure, sai ya zagayo ta bayan danga ya tsaya, hannuwansa baƙi da man injin ban-ruwa da yake gyara wa manoman rani. Ina zaune a gindin zogale, sun san ina nan, ban kuma tashi ba.

“Aina ta, ɗago ki dube ni mana.”

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da zuba wa yakuwa ruwan da ba ta buƙata.

“Ka tambayi mahaifiyarka?”

“Na tambaye ta.”

“Me ta ce?”

Ya riƙe karan danga har ya karye a hannunsa.

“Ta ce ta faɗa.”

Bokitin ya suɓuce mata. Kallamu ya shiga rarrashi. Ya ce shi ba 'ya'ya ya zo nema ba, ita ya zo nema. In Allah bai ba su ko ɗaya ba zai zauna da ita har tsufa, hasken idonsa ce.

Sai a lokacin ta dube shi.

“Ashe kai ma ka yarda ke nan.”

“Aina'u...”

“Tun ban shiga ɗakinka ba har ka fara yi mini haƙurin rashin haihuwa. Je ka, Kallamu.”

Ta shige ciki. Ya daɗe a tsaye, rana na dukan ƙeyarsa, kafin ya ja babur ɗinsa ya tafi bai ko tayar da shi ba.

Washegari na fara bin sawun maganar. Mai niƙa ta ce daga mai ƙosai ta ji, mai ƙosai ta ce a gidan suna. A ƙarshe zaren ya kai ni ga Sa'adiyya, 'yar maƙwabtan Ya Falta, wadda duk unguwar an san ta yi ta aika wa Kallamu dambu ba a dawo mata da komai ba sai kwano. Ta sha kwalli, ta gaishe ni har ƙasa, ta ce a kawo mata Alƙur'ani ta dafa: da kunnenta ta ji, kalma ba ta ƙara ba.

Na ce na yarda. A ina Ya Falta take tsaye? Ta ce a bayan gidanta, wajen rijiya. Da wa take magana? Sa'adiyya ta gyara mayafi, ta ce ita dai ta katanga ta jiyo. Na sake tambaya, da wa? Ta ce kamar ita kaɗai.

Mace ta tsaya ita kaɗai a bakin rijiya tana zagin surukai. Abin bai zauna mini ba.

Ya Falta ta karɓe ni da ruwan randa da shimfiɗa mai ƙamshin turaren wuta, fuskarta kuwa a rufe. Kakanninsu daga Barno suka zo, amma a nan aka haife ta, a nan ta binne mijinta. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta zafi da ta jiran ruwa. Da na kawo zancen ba ta ko ƙifta ido ba.

“Na faɗa, Malama.”

Ta ce in ƙanena yana son bayani ya zo da ƙafarsa. Ashe Ɗanliti, cikin fushi, ya ce a ƙofar masallaci ba zai ɗauki zagi daga mutanen da kakansu ya shigo garin nan da jakin kanwa ba. An kawo mata wannan ma, da zafinta. Ta ce wanda ya tono mata kaka ba ta bin sa bashin magana, shi ma ba ya bin ta.

Na ga ƙofar nan a kulle take. Sai na ce lokacin azahar ya yi, a nuna mini inda zan yi alwala.

Bayan gidanta ya fi tsakar gidan faɗi. Ga rijiya, ga kwamin albasa, ga lalo ya yi shar, ga attaruhu a tsofaffin robobi an yi masa rumfar kara saboda rana. A can gefe kuma kuɓewa ce, layi guda, ta kai mini kafaɗa. Ganye faffaɗa, kore har yana baƙi. Na ɗaga ganyen ɗaya bayan ɗaya. Ba fure, ba ɗa, ko alama.

Da na juyo tana tsaye a bayana da buta.

Na tambaye ta ina ta sami irin wannan.

Ta dubi kuɓewar har buta ta fara ɗiga a ƙafarta. Sannan ta ce Aina'u ce ta aiko mata ta hannun Kallamu, a ƙulle a gefen tsumma, tun farkon zafi. Ta ji daɗin abin, ta ce yarinya mai hankali. Ta ba shi wuri mafi kyau, ta zuba masa takin awaki, tana jan guga safe da yamma da bayanta mai ciwo, tana cewa da shi za ta yi wa amarya miyar farko. Kuɓewar kowa ta yi fure, har ana tsinka. Tata sai tsawo. Ranar nan ta gaji, ta dire bokiti, ta faɗi abin da ta faɗa.

“To da kika ji inda aka kai maganar, me ya hana ki buɗe baki?”

“Ƙaninki ya zage ni.”

“Kafin ya zage ki an kwana biyu ana yawo da ita, Ya Falta.”

Ta zauna a bakin rijiyar. Muryarta ta yi ƙasa. Ta ce Kallamu shi kaɗai gare ta. Da ta ji yadda mutane suka juya zancen, sai Larai ta faɗo mata a rai, zuciyarta ta ce wataƙila Allah ne ya sa bakinta ya faɗi abin da ba ta yi niyya ba. Tsofaffi ma suna cewa abin yana bin gida.

Na ce mata tsofaffi sun ce abubuwa da yawa, ni ma tsohuwar ce yanzu, na san yadda muke yi in ba mu sani ba. Uwarmu ni da Ɗanliti ta cika gida da 'ya'ya har ana rasa tabarma. Larai da mijinta su biyu suke zuwa asibiti a Kano, likita kuma bai nuna ɗayansu da yatsa ba. Amma tun da maganar nan ta fita Larai ba ta leƙa ko ƙofar gida ba.

Na roƙe ta ta ba ni tushe ɗaya in kai wa ƙanena. Ta ce in bar mata kayanta. Haka na fito, ban san me ta yanke a ranta ba.

Na gaya wa Ɗanliti abin da na gani. Ya ce Yaya, ke boko ya sa komai sai kin nemo masa fassara. Matar ta ce ta faɗa, shi ke nan. Na gaya wa Aina'u. Ta toshe baki da hannu, ta ce to me ya sa ba ta zo ba?

Ranar kasuwa da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Hadari ya haɗu a gabas, iska ba ta motsi, zufa na bin kowa. Aka fara fito da kaya, buhun gishiri, kwalayen alewa, tabarmi. Aina'u na jingine da ƙofar ɗaki, ba ta kuka, kallo kawai take kamar kayan wani ake fitarwa. Larai ta zo taya uwarsu zama, ta rufe fuska da mayafi.

Sai ga sallama.

Ya Falta ce a gaba, Kallamu a bayanta, rungume da tushen kuɓewa da saiwarsa da ƙasarsa. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta karɓa daga hannunsa ta ajiye a gaban Ɗanliti.

“Malam Ɗanliti, ga irin gidanka.”

Ya so ya kau da kai, amma manomi ne. Ya sunkuya, ya murza ganyen, ya duba karan. Fuskarsa ta canja.

“Wannan ai doguwar ce, ta damina. Ba ta fure sai ruwa ya yi nisa. Wane ne ya shuka ta a bazara?”

Ya dubi Ya Falta, ya dubi Kallamu.

“Ni na ba su, Baba.”

Aina'u ce, da muryar da da ƙyar ake ji. Ta ce dami biyu ne na busasshiyar kuɓewar iri rataye a madafi, hayaƙi ya mai da su launi ɗaya. Ta ji tafiyar uban nata yana shigowa, kunya ta kama ta kar ya ga tana yi wa uwar saurayi kyauta, ta fizgi wanda hannunta ya fara kaiwa.

Ɗanliti ya dubi 'yarsa, ya dubi ganyen da ke hannunsa. Daga nan ya cire hula ya share goshi, ya ce wa Ya Falta maganar jakin kanwa bakinsa ne ya fi shi gudu, ta yafe masa.

Ta ce ta yafe, amma ba wajensa kaɗai ta zo ba. Ta taka har inda Larai take, ta durƙusa, mace mai furfura a gaban sa'ar ɗan cikinta, ta riƙe mata hannu biyu.

“Na ji ana yanka ki da maganata na yi shiru. Ki yafe mini, 'yata.”

Larai ta fashe da kukan da ta daɗe tana riƙewa.

Direba ya leƙo yana tambaya a ci gaba da lodi ko a'a, shi fa yana da wani aikin. Ɗanliti ya ce a sauke.

Kallamu ya matsa kusa da Aina'u iya inda kunya ta bari.

“Har yanzu in tafi?”

“Ka je ka wanke hannunka tukuna,” ta ce, tana kallon ƙasa, murmushi na neman ƙwace mata. “Duk ƙasa ce... angon wa zai tsaya haka?”

An ɗaura aurensu bayan ruwan shuka.

Sa'adiyya ba ta yi ƙarya ba, Ya Falta ta faɗi maganar kalma da kalma. Da kuɓewa take.