Sikanar Da Aka Manta A Mota

Da hantsi aka bugo wa Sufeto waya aka ce an harbe Sajan a hanyar bayan gari. Ya ce, "To." Ya ƙarasa ɗaure igiyar takalminsa, ya fita.

Ya tarar da Sajan kwance a gefen kwalta, an lulluɓe shi da tamfol. Tun suna kurata suke aiki tare, kuma kusan kullum Sajan kan biyo shi gida cin abincin rana. Sufeto ya ɗaga tamfol ɗin ya duba, ya mayar. Ya tsaya ko zai ji wani abu a ƙirjinsa, bai ji komai ba. Abin da kawai ya lura da shi, maɓallin rigar Sajan ɗaya ya cire.

Motar magungunan asibiti Sajan ya rako. 'Yan fashi suka tare ta, suka wurgo direban waje, suka gudu da ita. Tasu motar suka bari a wurin, domin Sajan ya fasa mata taya kafin ya faɗi.

Direban na zaune a ƙasa. Sufeto ya tsaya a kansa.

"Wa ka gaya wa hanyar da za ku bi?"

"Yallaɓai, ni kaina ban santa ba. Sai da muka tashi aka faɗa wa Sajan ta oba-oba."

"Kun tsaya a hanya?"

"Ko sau ɗaya."

"Kashin akuyar da ke wandonka fa?"

Direban ya sunkuyar da kai. Ya ce ya ɗan tsaya ne ya ɗaukar wa surukinsa awaki, Sajan ma har dariya ya yi masa. Maƙaryaci ne, babu shakka, amma iyakar ƙaryarsa awaki.

Kofur, wadda ke kula da kayan sadarwa a ofis, ta fito daga motar 'yan fashin riƙe da wani abu baƙi mai doguwar eriya. A ƙarƙashin kujera ta zaro shi.

"Sikana ce, Yallaɓai. Ba a magana da ita, saurare kawai take."

Ta kunna. Wata ƙara ta cika wurin kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Kofur ta murɗa makunnin rage ƙarar, ya ƙi. Ta sha fama da shi, sai da ta danna shi gefe da babban yatsa sannan ya yi shiru.

"Makunnin ya lalace. Sai wanda ya san halinsa."

"Yaya take aiki?"

"Lalube take, lamba bayan lamba, da gudu. Inda babu kowa ta wuce. Inda ta ji ana magana ta tsaya, ta adana lambar. Ga sabuwar tasharmu a ciki."

Sufeto ya kalle ta. Kwanan nan aka sauya wa 'yan sanda tasha, saboda zargin ana sauraren tsohuwar. Sabuwar kuwa, ko matan gida ba a gaya wa ba.

"Wani namu ne ya bayar?"

"Ba dole ba ne. In aka danna oba-oba kusa da ita aka yi magana, nan take take cafke lambar. Amma duba nan." Ta nuna masa gilashin na'urar. "A laluben da ta samo tamu, ta haɗo da wasu biyu. Ƙananan oba-oba ne, irin na masu gadi. Muryarsu ba ta wuce 'yan layuka. Duk inda muka ji su tare, a nan aka zauna aka yi laluben."

Suka shiga mota, Kofur na tuƙi, sikanar na kan cinyar Sufeto. Suka bi ta kasuwa, shiru. Suka bi ta tashar mota, suka zagaya bayan asibiti, shiru. Sufeto na kallon mutane ta taga, kowa na harkarsa. Ya tuna bai kira matar Sajan ba. Ya kuma tuna bai sha ruwa ba tun safe. Duka biyun nauyinsu ɗaya a kansa.

Sun haura gada ke nan na'urar ta yi tari.

"A fito da tire, motar burodi ta iso."

Kofur ta rage gudu. Da suka karya kwana, ɗaya tashar ta farka.

"Buɗe ƙaramar ƙofa, yara sun tashi. Kai, ban ce babba ba!"

Sufeto ya san muryar. Tsohon mai gadin makarantar da ke bayan katangar gidan Sufeton ne, wanda ba ya iya faɗin komai sai da tsawa. Gidan burodin kuwa, warin hayaƙinsa ke tashinsa da safe.

Kofur ta taka burki. Ta san layin.

Dokar ofis ta hana tafiya gida da oba-oba. Babu Sufeton da ke bin ta. Shi ma kullum yakan ajiye tasa a falo kusa da kwanon abinci, in an kira ya amsa da loma a baki. Ɗakin da ke jikin falon kuwa na ƙaninsa ne, Auta, mai gyaran rediyo da fanka.

Suka shiga gidan, suka sami Auta a bakin gado, ga wayoyi da sukudireba barbaje a ƙasa. Idanunsa jajur, takalminsa duk jar ƙasa.

"Yaya, ka dawo da wuri."

"Ina ka je da safe?"

"Shago."

"Mun biyo ta shagon, a rufe yake."

"Na je sayen kayan gyara ne."

Sufeto ya ɗora sikanar a kan tebur. "Ka san wannan?"

"Ban taɓa ganinta ba."

Sufeto ya kunna ta, ya saki makunnin. Ƙarar ta ɓarke a ɗan ƙaramin ɗakin. Inna, mahaifiyarsu, ta ɗaga murya daga kicin, "Auta, ka sake kunna wannan abin naka?" Kafin ta rufe baki hannun Auta ya kai. Babban yatsa ya danna makunnin gefe, ƙarar ta ɗauke.

Ya bi hannun nasa da kallo. Ya janye shi a hankali.

"Saurare kawai suka ce in yi, Yaya. In faɗi hanya, shi ke nan. Sun rantse ba za a taɓa kowa ba."

"Me suka ba ka?"

"Injiniya suke ce mini." Ya kalli wayoyin da ke ƙasa. "A nan kowa ƙanin Sufeto yake cewa."

"Kana cikin motar?"

Auta ya gyaɗa kai. "Ban san Sajan ne ɗan rakiyar ba sai da na ji muryarsa a sikanar. Bayan an harbe shi ma ya danna oba-obarsa. Kai yake kira, Yaya. Ya kira, ya sake kira. Shi ne na tura sikanar ƙarƙashin kujera don kada in ji."

A lokacin Sufeto na banɗaki, oba-obar na kan tebur. Ya tuna ya ji tana ƙara, ya ce bari ya gama.

Sajan ne ya koya wa Auta tuƙi. Sufeto ya so ya faɗi haka, ya ga babu amfani. Ya karɓi ankwa daga hannun Kofur ya saka masa da kansa, ya duba ko ta matse shi, ya ɗan sassauta. Auta ya faɗi inda aka kai motar magungunan tun ba a tambaye shi ba.

Sufeto ya danna oba-obarsa. "Mun kama mutum ɗaya. Muna tafe."

Muryarsa ta fito daga sikanar da ke hannun Kofur, tar, kamar ta wani baƙo.

Suna bakin ƙofa Inna ta fito daga kicin da tire. Auta ya juya mata baya, ya ɓoye hannayensa a gaban riga.

"Ina kuma za ku, ga abinci ya sauka? Ina Sajan ɗin? Na zuba har da nasa."

Sufeto ya kalli kwanukan uku: nasa, na Auta, da na Sajan.

"Rufe biyu, Inna," ya ce. "Zan dawo."