Takardar Gida da Tarin Mutum Uku

Ranar da Tsoho ya cika kwana shida a killace saboda korona, ya laluba ƙarƙashin katifa ya ji babu takardar gidansa. Kwana huɗu kafin nan ya gan ta da idonsa.

Kafin Sufeto 'yar sanda ta iso, 'yan gida sun riga sun yanke hukunci: mai jinya ce, tunda ita kaɗai ke shiga ɗakin. Baiwar Allah tana tsugune a bakin ƙofa, aikin shekara tara zai ƙare a bayan kanta.

Ita kuwa Sufeto akwai bin ƙwaƙƙwafi. Ta lura 'yar Tsoho na tari, direba na tari, ƙanen Tsoho da ake kira Kawu shi ma haka, kuma dukansu sun rantse ba su taka ɗakin ba. Mai jinyar da ke kwana da takunkumi ce kawai lafiya lau.

A kan tebur ta ga kwalin gwajin gida. Mai jinya ta yi mata bayani: a goga tsinken auduga a hanci, a tsoma shi a ruwan gwajin, a ɗiga ruwan a kan ɗan allo, bayan minti goma sha biyar layi zai nuna korona ce ko mura mai zazzaɓi. Kullum takan gwada kanta, ta rubuta kwanan wata a bayan allon, ta jefa a kwandon banɗaki.

Sufeto ta ba kowa ɗaya. Na 'yar ya nuna mura, na direba ma. Kawu ya ce shi ba ya sa abu a hanci gaban yara, ya shige banɗaki. Can sai ga shi da sakamako fes.

"Kawu, minti huɗu ka yi," in ji Sufeto. Ta juya allon. Kwanan watan da ke jiki na jiya ne, da rubutun mai jinya.

Aka sake masa a gaban kowa. Korona.

Sufeto ta ce gwajin kaɗai ba hujja ba ne, korona ko a kasuwa ana ɗauka. Amma wanda bai shiga ɗakin ba, me zai sa ya tone shara? An samu takardar a ƙasan kujerar motarsa, har da lambar wayar dillalin gidaje.

Tunda ba a haɗa mai korona da sauran waɗanda ake tsare da su, aka killace Kawu a ɗakin baƙi, ɗan sanda a ƙofa. Da lokacin maganin Kawu ya yi, kowa ya noƙe. Mai jinya ta ɗaura takunkuminta, ta ɗauki tiren.