Ruwan Sanyin da Dokta Ya Zuba a Kwata

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah ya hore wa basirar rarrabe zance mai nauyi da shirme, ina roƙonka ka gyara zama. Mu da muka yi karatu tun ana tsoma alƙalami a tawada, ba mu ɗaukar takarda sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Dalilina kuwa shi ne abin da ya auku a gidan wani masani da unguwa ke kira Dokta.

Shi dai Dokta a ɗakin bincike yake aiki, yana farautar ƙwayar gadon da ke sa ciwon asma bin zuri'a. Jinin majiyyata kuwa a cikin filas na ƙarfe yake adana shi, cike da ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ke ƙona fata tamkar garwashi.

Ran nan ana kiran magariba ya dawo gida da ragowar ruwan, ya nufi kwata.

Matarsa ta ce, "Baban Auta, magariba ce fa. Ka yi bismilla."

Ya yi dariya. "Ruwan zafi aka hana zubarwa, Malama. Wannan ya fi ƙanƙara sanyi."

Ya tuttular. Farin hayaƙi ya kwanta a tsakar gida. Kaji suka yi tsit. Daga cikin kwatar aka ji tarin jariri.

Washegari da magariba duwatsu suka fara sauka a kan kwanon rufin gidan, ɗaya bayan ɗaya, babu mai jifa. A lokacin ne ƙirjin Auta, 'yarsa mai shekara goma sha ɗaya, ya fara yin fito irin na masu asma. Dokta ya kawo na'urar auna numfashi ta hura, na'ura ta ce huhunta lafiya lau. Amma kullum numfashin raguwa yake. Rana ta uku leɓɓanta suka yi baƙi. Da matarsa ta aika kiran malamin unguwa, bai hana ta ba.

Da magariba Malam ya zauna a gaban yarinyar, ya fara karatu a hankali. Can sai ta buɗe ido, muryar wata babbar mace ta fito daga bakinta.

"Dakata, Malam. Ɗana na wasa a bakin kwata, wancan mai farar riga ya zuba masa wuta mai sanyi, ya shaƙa. Da ya ambaci Allah, da na janye shi. Numfashin 'yarsa nake ɗiba ina ba nawa."

"Yarinya ba ta yi miki laifi ba. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"In fita nawa ya mutu? To, uban ya bayar da nasa."

Dokta ya zube bisa gwiwoyinsa. "Baiwar Allah, na san maganin wannan ƙuna. Ruwan ɗumi ne, ba mai zafi ba, a hankali. Ki bar ni in gwada."

Dutse ɗaya ya faɗo a kan kwano.

"Kafin jan sararin sama ya ɓace," in ji muryar. "In ya wuce, na tafi da ita."

Ya auna ɗumin ruwan da gwiwar hannu, ya durƙusa a bakin kwata, ya yi bismilla da ƙarfi, ya dinga tsiyayawa. Tarin ya tsananta, ya sassauta, sannan aka ji jariri ya tsala kuka da cikakken ƙirji.

Auta ta ja dogon numfashi, ta ce, "Umma, me Baba yake nema a kwata?"

Malam bai karɓi komai ba, amma ya yanke wa Dokta tara: ya duba ƙirjin masu asma arba'in kyauta, kuma ya gaya wa kowannensu da bakinsa dalilin da ya sa yake yin hakan.