Shuɗin Alama Biyu

"Kin saurara, Jamima. Ga shaida."

Timoti ya kara mata wayarsa a fuska, nan bakin famfon unguwarsu a Akokan. Wata huɗu rabonta da shi, tun da ya koma aikin kwal a Anou Araren.

"Saƙon murya goma sha ɗaya. Kowanne da shuɗin alama biyu."

Ta ƙura wa wayar ido.

"Mene ne shuɗin alama?"

"Kar ki raina min hankali, sheri... In ya yi shuɗi, an buɗe ke nan."

Ita dai 'yar ƙaramar waya gare ta, mai maɓalli, kira kawai. Shi ya sa Timoti yake turo saƙo ta babbar wayar Jeanne, 'yar kawunta. Kullum ta je tambaya, Jeanne ta taɓe baki: "Babu rezo a can, ƙanwata, layi ba ya shiga. Ko kuwa ya manta ki."

"Sau uku na tambaye ki ranar da zan turo manyana," in ji Timoti. "Shiru. Na kira Jeanne, ta ce Babanki ya hana, ke ma kin haƙura. Gobe zan sa hannu a takardar canjin wurin aiki, su kai ni Yamai."

"Gobe?"

Ruwa ya cika bokiti yana zuba, ba ta ko duba ba.

"Baba ya yi faɗa, gaskiya ne. Ya ce mai aikin rami ba shi da tabbas. Amma ni... ko ɗaya ban ji ba, Timoti."

"To wa ya ji?"

Ta tuna yadda Jeanne take shigewa ɗaki da waya a kunne, tana murmushi. Hawaye suka zubo mata.

Muryarsa ta yi sanyi. "Tsaya in kunna miki."

"A'a." Ta rufe wayar da jiƙaƙƙen hannunta. "Wata ta riga ni jin waɗannan. Ka faɗa min sabo."

Matan famfo sun bar hira, sun zuba ido.

"Jamimata... za ki aure ni?"

Ta ja gyale ta rufe fuska.

"Baba yana gida," ta ce a hankali. "Ɗauko min bokitin, mu je ka ji faɗan da kunnenka."